Tambaya ga masu sana'ar mota: da gaske dusar ƙanƙara tana tsayar da cinikin motoci a Amurka?

Dillali daga Tumfure, Gombe

Assalamu alaikum. Ina gaida manyanmu a wannan sana'a, ina kuma neman a haskaka mini wani al'amari da ya hana ni sukuni. Ina da ɗan filin sayar da motoci a Tumfure, kan hanyar Bauchi, kuma shekara shida ke nan ina saro motoci daga Legas da Kaduna. A bana ne na yi ƙarfin halin sayowa kai tsaye daga Amurka ta hannun wani wakili da aka haɗa ni da shi. Ya saya mini motoci uku a wani filin gwanjo da ke jihar Ohayo, Corolla biyu da Sienna ɗaya, na kuwa biya kuɗinsu cif a farkon watan Janairu.

Yau mako biyar ke nan motocin ba su hau jirgin ruwa ba. Abin da yake faɗa mini shi ne an yi dusar ƙanƙara mai tsanani, an rufe filin gwanjon, direbobin tirela sun ƙi fita, jirgin da aka yi niyyar sa motocin a tashar Baltimo ya tashi ya bar su, kuma yanzu sai na ƙara kuɗin ajiya na kwanakin da suka yi a filin. Ni dai iyakar sanyin da na sani shi ne na hunturu, wanda bai taɓa hana ni buɗe fili ba ko sau ɗaya, saboda haka na kasa bambance gaskiya da hanzari a cikin maganarsa. Abin da ya ƙara ɗaure mini kai shi ne wani ma'aikacin gwamnati ya riga ya ba ni kafin alƙalami a kan Siennar, kuma kusan kullum sai ya biyo ta wurina bayan an tashi daga aiki.

Ina roƙon wanda ya san ƙasashen nan ya gaya mini yadda sanyi ke shafar aikin masu sayar da motoci a can, da kuma irin lahanin da ya kamata in duba a jikin motocin idan Allah ya kawo su lafiya.

Ɗan Bauchi mazaunin Bafalo, jihar Niyok

Wa alaikumus salam. Alhaji, Allah ya warware maka. Na yi shekara huɗu ina aiki a wani babban kamfanin sayar da motoci a gefen birnin Bafalo, aikina shi ne kula da motocin da ke jere a fili, don haka abin da zan faɗa maka da hannuna na yi shi.

Motocin sayarwa a can ma a waje suke kwana kamar namu, sai dai fili ɗaya yakan ɗauki ɗaruruwa. Idan ƙanƙara ta sauka cikin dare, babu maganar ciniki da safe sai an tono kowace mota. Mukan fito tun kafin gari ya waye da wani irin tsintsiya mai kan soso, domin shebur ko buroshi mai kaushi yakan karce fenti, mu share rufi da gilashi, mu tayar da motar, mu matsar da layi guda gaba ɗaya zuwa wani gefe domin motar ture ƙanƙara ta samu hanya, sannan mu mayar da su mu koma layi na gaba. A nan ne wahalar take, domin a irin wannan safiya motoci da yawa ba sa tashi. Batir yana rasa ƙarfi sosai a cikin sanyi, har idan aka kai digiri 18 ƙasa da sifiri yakan rasa kusan rabin ƙarfinsa, alhali a daidai lokacin baƙin mai ya yi kauri, injin kuma yana bukatar ƙarfi fiye da kullum kafin ya juya. Batirin da ya riga ya sauka ma ruwansa yakan daskare ya fasa shi. Iskar taya tana raguwa, ƙofofi suna mannewa, waifa tana liƙewa a gilashi ta yadda idan mutum ya kunna ta da gaggawa sai robar ta yage, motocin da ke shan man gas kuwa mansu yakan yi kauri kamar kakide ya toshe matata. Ranar da aka yi dusa mai yawa, yini guda cur yakan tafi a wannan aiki ba tare da an sayar da ko mota ɗaya ba, ga albashin ma'aikata da kuɗin ɗumama gini suna tafiya. Ɓangaren gyara ne kaɗai yake cika, saboda masu mataccen batir da masu canjin taya da waɗanda suka yi karo a kan santsi.

Maganar tsaron lafiya ta fi maganar ciniki nauyi a wurinsu. Abu na farko da ake yi kafin a buɗe ƙofa shi ne watsa gishiri a duk inda ƙafar mai saye za ta taka, domin akwai wata siririyar ƙanƙara da ke shimfiɗuwa a kan kwalta wadda ido ba ya gani, kuma idan mutum ya zame ya karye a harabar kamfani, kotu ce za ta raba su. Ma'aikaci ba ya daɗewa a waje sai a canje shi ya shiga ya ji ɗumi, saboda yatsu da kunnuwa sukan mutu da sanyi ba tare da mai su ya ankara ba. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne hayaƙin salansa. A gareji ana rufe ƙofofi saboda sanyi, don haka duk motar da za a bari a kunne sai an ɗaura wa salansarta tiyo mai fitar da hayaƙi waje. A fili kuma ba a tayar da mota sai an tabbatar ƙanƙara ba ta toshe bakin salansa ba, in ba haka ba hayaƙin yakan koma cikin motar. Gubar nan ita ce dai wadda ke kashe iyalai a gida idan an kwana da janareto a cikin ɗaki, ba ta da launi kuma ba ta da wari. Akwai kuma nauyin dusa a kan rufin ɗakin baje koli, wanda galibi shimfiɗaɗɗe ne. A watan Nuwamba na 2014 an yi dusar da ta kai kusan mita 2 a unguwannin kudancin Bafalo, rufin gine-gine da dama ya rufta. A watan Disamba na 2022 kuwa ina nan aka yi guguwar da ta kashe mutum fiye da 40 a yankin, wasunsu a cikin motocinsu, hukuma ta hana tuƙi a cikin birnin kusan mako guda. Babu kamfanin da ya buɗe, ko da ya so.

Saboda haka asalin maganar wakilinka ba ƙarya ba ce. Ana rufe filayen gwanjo, kuma hanyar da ta taso daga Ohayo zuwa Baltimo tana ratsa tsaunuka, inda jihohi irin su Fensilbaniya sukan hana manyan motoci hawa babbar hanya idan guguwa ta taso. Direban da ya ɗauko motoci takwas ko tara a bayansa ba zai yi caca da ransa a kan santsi ba. Inda nake da ja shi ne tsawon lokacin. Mutanen nan sun saba da abin, suna da kayan aikinsa, kuma guguwa ɗaya takan tsayar da al'amura na kwana biyu zuwa mako guda ne, sai ɗan cunkoson da ke biyo baya. Mako biyar ya yi yawa a ɗora wa ƙanƙara ita kaɗai. Ka nemi ya gaya maka sunan garin da filin yake da ranakun da aka rufe shi, domin bayanan yanayi na kowane gari suna nan a intanet kyauta. Ka nemi rasit na kuɗin ajiyar daga filin gwanjon kansa, wanda zai nuna ranar da aka fara lissafi da kuma ko an sa kwanakin da filin ke rufe a ciki. Ka kuma nemi takardar da ke nuna ranar da ya ba direba aikin ɗauko motocin, da lambar gurbin da ya kama a jirgi. Idan yana da gaskiya, waɗannan takardu ba za su ɗauke shi awa guda ba.

Bakanike daga Bauchi

Alhaji, sannu da haƙuri. Malam na Bafalo ya yi bayanin can, ni kuma zan yi maganar abin da ke isowa ramin garejina, domin gishirin da ya ce ana watsawa shi ne yake biyo motar har gida.

A jihohin arewacin Amurka irin su Ohayo da Mishigan da Niyok, da kuma lardunan Ontariyo da Kubek a Kanada, gishiri ake zuba wa tituna duk lokacin sanyi domin ya narkar da ƙanƙara. Taya tana watsa wannan ruwan gishiri a ƙarƙashin mota, ya shiga kowane lungu ya zauna, shekara bayan shekara. Shi ya sa za ka ga mota bodinta yana ƙyalli, kujerunta kamar ba a taɓa zama a kai ba, amma idan ka shiga ƙarƙashinta sai ka riƙe baki. Da zarar motocinka sun iso, kafin wanki da kafin komai, ka sa a hau da su rami a duba da tocila. A fara da bututun man birki, waɗannan siraran ƙarafan da suka bi ta ƙarƙashi zuwa tayoyin baya, domin su ne suke kisa. Tsatsa takan cinye su ta waje har su yi laushi, ranar da direba ya taka birki da ƙarfi a gangara sai su fashe, feda ta tafi ƙasa. Daga nan a duba bututun fetur, da shasi musamman inda ƙafafun mota suke ɗaure, da mazaunin shokozoba, da salansa. Tsatsar da ta tsaya a sama, ja-ja kamar an barbaɗa jar ƙasa, ba abin damuwa ba ce, ana gogewa a shafa mata fenti. Wadda take ɓarewa falle-falle, ko wadda sukundireba ke hudawa idan an danna, ita ce ta gama da ƙarfen. Idan kuwa ka ga an fesa wa ƙarƙashin tsohuwar mota sabon baƙin fenti mai kauri, to ka ƙara buɗe ido, domin ba a rufe abin da ba shi da aibi.

Tunda motocin gwanjo ne, ina zaton masu haɗari ne a cikinsu, kuma zaman mako biyar a fili ba ƙaramin abu ba ne ga motar da gilashinta ya fashe. Dusa takan shiga ta taru a kan kujeru, rana ta fito ta narke, ruwan ya kwanta a ƙarƙashin kafet inda wayoyi suke, a wasu motocin ma har da ƙananan kwamfutoci. Ka ɗaga kafet ka taɓa soson da ke ƙasa, ka kuma shinshina. Haka nan idan lagireto ya taɓa fashewa aka cika shi da ruwa zalla, ruwan yakan daskare ya kumbura ya tsaga injin, saboda haka a duba baƙin mai ko ya koma kalar shayi mai madara.

Akwai abubuwa biyu da 'yan'uwana makanikai suke kuskure a kansu, kuma ba zan ɓoye ba don muna sana'a ɗaya. Na farko, da mota ta iso sai su zubar da ruwan lagireto mai launi su ɗura na rijiya, su kuma cire abin da ke daidaita zafin injin, wai ai na ƙasar sanyi ne. Wannan ruwan ba daskarewa kaɗai yake hanawa ba, yana hana tsatsa a cikin injin kuma ya fi ruwa zalla jure tafasa, wanda mu ne ma muka fi bukatar hakan a watan Afrilu. Na biyu shi ne taya. Idan ka ga tambarin dutse mai kai uku da hoton ƙwayar dusa a gefen taya, an yi ta ne domin sanyi, kuma da yawansu robarsu mai laushi ce. A Kubek doka ce ma a sa irinsu daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. Zanenta yakan yi kyau a ido har mai saye ya yi murna, amma a kan kwaltar Gombe zuwa Yola da rana tsaka tana cinyewa da wuri kuma ba ta riƙe birki yadda ya kamata. Ka canza ta, ko aƙalla ka gaya wa mai saye gaskiya. Wayar lantarki da wani lokaci ake gani tana leƙowa ta gaban mota kuwa ba matsala ba ce, ta ɗumama injin ce da dare, an sha kawo mini ita a ce wai an yi wa motar haɗin bogi.

Tsohon dillali, Jekadafari

Ƙanena, na karanta tambayarka da amsoshin da aka ba ka, duka biyun sun yi kyau, amma ina jin tsoron kada bayanin Malam bakanike ya sa ka ɗauka cewa duk motar da ta fito daga jihohin sanyi abin gudu ce. Na fi shekara ashirin ina wannan harka, kuma na sayar da motocin arewacin Amurka masu yawa waɗanda har yau suna kan titi. Motar da ba ta wuce shekara huɗu ko biyar a can ba galibi tsatsarta ba ta yi nisa ba, kuma busasshiyar iskarmu ba ta ciyar da tsatsa gaba da sauri kamar damshin Legas. Su ma jihohin kudu da kowa ke rububi suna da nasu ciwon, wato ambaliya. Bayan guguwar Harvey da ta afka wa Hustan a 2017, motoci dubu ɗaruruwa ne ruwa ya shanye, da yawansu kuma ta gwanjon kamfanonin Copart da IAA suka bi suka watsu a duniya. Ni dai da motar da ta sha ruwa gara mini mai tsatsar da idona zai gani. Sanyin ma bai bar kudun ba, domin a watan Fabrairu na 2021 ya durƙusar da wutar lantarkin jihar Teksas, mutum fiye da 200 suka mutu, har masana'antun da ke ƙera ƙananan na'urorin kwamfutar mota a birnin Ostin suka tsaya, a daidai lokacin da duniya ke fama da ƙarancinsu. Duk wanda yake saye a shekarar ya ga yadda farashin tsofaffin motoci ya haura.

Kuskurenka a wurina ba sayen motar Ohayo ba ne, karɓar kafin alƙalami ne a kan motar da ba ta hau ruwa ba, kuma ina zaton har rana ka yanka wa mutumin. Daga Disamba zuwa Maris ni ba na yanka wa kowa rana, kuma ba na yanke farashi na ƙarshe sai mota ta fito daga hannun kwastam a tashar jiragen ruwa ta Tin Can da ke Legas, saboda kowane mako na jinkiri yana iya zuwa da canjin farashin dala, kuɗin fito kuma yana bin dala. Ka je ka sami ma'aikacin nan da kanka, kada ka jira ya zo, ka nuna masa takardun, ka ba shi zaɓi ko ya jira ko ya karɓi kuɗinsa. Yawanci idan mutum ya ga ba ka ɓoye masa komai ba yakan jira.

Ka ce hunturu bai taɓa hana ka buɗe fili ba, haka ne, amma kada ka raina shi, domin motocinka za su iya isowa kafin ya gama wucewa. Direbobin da ke kawo mana motoci daga Legas suna biyowa ta Lokoja da Abuja da Akwanga, su hau Hawan Kibo su shiga Jos, sannan Bauchi da Alkaleri, kuma son ransu shi ne tafiyar dare da asuba, lokacin da hazo ya fi kauri, ga hayaƙin ƙunar daji a gefen hanya, ga tireloli da suka lalace babu wata alama sai ganye. Na taɓa rasa mota sabuwar fitowa a irin wannan tafiya, Allah ya sa direban ya rayu, tun daga ranar sharaɗina shi ne a kwana a Jos. A fili kuma ƙura ce abokiyar gaba. Yaro ya ɗauki busasshen tsumma ya goge motar da ta kwana cikin ƙura, ya gama da fentinta, domin ƙurar nan yashi ce mai laushi, sai an fara kwarara ruwa. Babban abin tsoro kuwa shi ne wutar da maigadi ke hurawa da dare don jin ɗumi, a tsakanin motoci masu fetur a tanki, ga iska tana kaɗawa, ga komai a bushe. Ka saya masa bargo da rigar sanyi, ka ware masa wuri nesa da motoci, ka ajiye tukunyar kashe gobara wadda wa'adinta bai wuce ba, ka kuma jera motocin ta yadda za a iya fitar da su ba sai an matsar da goma kafin a ciro ɗaya ba.

Dillali daga Tumfure, Gombe

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na bi shawarar Malam na Bafalo na nemi takardun, sun kuma iso jiya da dare bayan an ɗan kai ruwa rana. Rasit ɗin ya nuna cewa an rufe filin na kwana uku, kuma ba a lissafa mini waɗannan kwanaki ba. Sai dai takardar direba ta nuna cewa wakilin bai ba da aikin ɗauko motocin ba sai bayan kwana goma sha ɗaya da biyan kuɗina, wato da ya yi abin a kan lokaci da motocin sun bar Ohayo kafin guguwar ta sauka. Da na nuna masa haka bai yi musu ba, ya ce yana jiran ya haɗa su da wasu motoci ne domin kuɗin tirela ya yi sauƙi, mun kuma daidaita a kan zai ɗauki kashi biyu cikin uku na kuɗin ajiyar. Motocin suna tashar Baltimo yanzu, ya kuma turo mini lambar gurbin jirgi.

Baba na Jekadafari, gaskiya ka faɗa, na yanka wa mutumin rana. Na je gidansa da safiyar yau na nuna masa komai, ya ce zai jira zuwa ƙarshen Maris. Maganar maigadi ma ta same ni, domin a daren jiya na tarar da garwashi bai fi taku biyar daga wata Golf ba.

Malam bakanike, a hotunan da aka turo mini na lura gilashin baya na ɗaya daga cikin Corollar a fashe yake, an rufe shi da leda, ledar kuma ta yage ta gefe guda. Shin akwai abin da zan sa a yi mata tun tana tashar jirgi, ko sai dai in jira ta iso in kawo maka ita Bauchi a ɗaga kafet ɗin a gani?